Asabar: kwaɗon siton Hajiya

Silindar nan, wato cikin makullin ƙofa, da na saya don wasana na buɗe kwaɗo da waya ta iso jiya da yamma, don haka yau ban yi niyyar leƙa ko ƙofar gida ba. Ina dawowa daga masallaci na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, na jera hantsaki da wayoyina da ƙarfen murɗi, wanda na lanƙwasa daga tsohuwar waifar mota da na tsinto a Ƙofar Ruwa. Maman yara ta ajiye mini koko da ƙosai ta wuce, ba ta ce uffan ba. Ta san in ta ga farin ƙyallen nan babu ni sai azahar.

Kafin in sa mata waya sai da na warware ta. Na cire ɗan zoben da ke bayanta, na sa makulli na ɗan juya, sannan na turo tagullar tsakiya waje da sandar katakon da na fiƙe daidai kaurinta. Sandar ita ce ke tare fil ɗin sama, in babu ita sifirin ya yi tsalle sai dai a bi shi da tsintsiya. Ramuka biyar ne, kowane rami fil biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sifirin yana danne su. Na ƙasa kowanne da tsayinsa, daidai da haƙoran makulli. Makullin gaskiya yana shiga sai ya ɗaga su har mahaɗar kowane biyu ta zo daidai bakin tagullar, sai ta samu hanyar juyawa. Ko ɗaya ya saura, ya tokare. Iyakar sirrin ke nan. Linus Yale ƙarami ne ya yi rajistar wannan tsari mai siririn makulli a Amurka a 1861 da 1865, bisa aikin da mahaifinsa ya fara, kuma tun zamanin Fir'aunoni mutanen Masar suna yin irinsa da katako. Har gobe shi ne a ƙofofinmu.

Abin da na biya kuɗina dominsa na same shi: uku daga fil ɗin sama masu ƙirar kalangu ne, kai da gindi da faɗi, tsakiya a tsuke. Na mayar da komai na zauna. Da fil na yau da kullum aikin ba wuya, saboda babu masana'antar da ke huda ramukan nan a layi ɗaya cif. Kana ɗan murɗawa sai guda ya riga sauran cijewa, ka lallaɓa shi sama har ya ce ƙyas, wani ya karɓa. Mai kalangu kuwa maƙaryaci ne. Tagullar za ta juya sosai, ranka ya yi fari ka ce ta buɗe, ashe ƙugunsa ne ya maƙale a baki. Sai ka sassauta hannu ka bar ta ta ɗan koma baya yayin da kake ɗaga shi, kuma garin sassautawar wasu da ka riga ka ɗaga su zubo. Ina cikin wannan kokawa, raina fes, har ina 'yar waƙa, aka yi sallama.

Jikar Hajiya maƙwabciyarmu ce. Wai Hajiya tana gaisuwa, ta ce don Allah in zo.

Ashe ɗanta ne ya tafi Zariya tun sassafe da makullin sito a aljihu, ga baƙi za su zo daga ƙauye, shinkafa da mai duk suna ciki. Baba maigadi har ya ɗauko guduma. Maman yara ce ta ce a dakata, Abbansu ya iya. Kun san ƙa'idar da masu wannan wasa suke bi ko'ina, har ƙungiyoyinsu na Holan da Jamus: ba ka taɓa makullin da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma ba ka wasa da wanda ake amfani da shi, don yana iya lalacewa. To ga mai shi tsaye tana roƙo, ga guduma tana jira. Na durƙusa na gaishe ta, na ce bismillah.

Kwaɗo ne irin mai ruwan zinariya da ake zubawa a faranti a bakin kasuwa. Na sa ƙarfen murɗi, na zura waya na shafa ciki don in ji yadda yake, ban ma fara aikin ba ya buɗe a hannuna.

Na ɗago ina murmushi, ina jiran a ce sannu da aiki. Tsakar gidan ya yi tsit. Hajiya ta dubi kwaɗon, ta dubi hannuna, ta gyara mayafi.

"Ikon Allah. Malam, ashe duk kulle-kullen da muke yi a gidan nan wahalar banza ce."

Na ce, "Hajiya, ai kwaɗon ne ba shi da kirki."

"To. Wa ya koya maka?"

Na ce a intanet nake gani, sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Ta ce "Sha'awa," ta ja kalmar, ta gyaɗa kai. Sai Baba maigadi ya saki dariya ya ce, "Yallaɓai, daga yau in aka yi sata a layin nan mun san ƙofar da za mu fara bugawa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Hajiya ta sa mini albarka, ta ce Allah ya raya zuri'a, har da cewa a kawo mana abincin baƙi. An kuwa kawo, shinkafa da miyar kaji, ta yi daɗi.

Azahar. Barci bai zo ba. An ɗauke wuta. Na kai Auta aski, ya yi kuka kamar kullum.

Bayan la'asar yarinyar ta dawo, wannan karon wurin Maman yara. Ina daga ɗaki ina ji. Wai Hajiya ta ce a ba ta makullin ɗakinta na ajiya, za ta ba ɗanta ya riƙa riƙewa. Makullin nan tun muna sababbin tarewa yake rataye a bayan ƙofarmu. Da ta tafi Umara a hannunmu ta bar ɗakin. Da aka kwantar da ita a asibiti, Maman yara ce ke shiga tana ɗebo mata kaya. Yau na buɗe mata siton shinkafa bisa roƙonta, shi ne aka tuna akwai ɗa.

Abin ma da ban dariya in ka duba: in dai tsoron hannuna ake, karɓe makulli me zai hana? Amma ba dariyar nake ji ba. Abin da ke cina shi ne, kwaɗon nan jiya ma haka yake, bara ma haka yake. Ban rage masa komai ba. Kuma wane ɓarawo ne zai tsuguna da waya yana sauraron ƙyas? Guduma ce da almakashin ƙarfe, su ma Baba maigadi ya fi ni sanin inda suke. Maman yara ta ce in bar zancen, tsohuwa ce, ta tsorata ne, kuma in na ga mutum ya buɗe ƙofata da tsinke ni ma sai na sake kallonsa. Na ce ai ni makullin zan sake kallo. Ta ce, "Kai ke nan."

Labarin wani mai buɗe kwaɗo, Hobbs, ya faɗo mini a rai. Kamfanin Bramah ya rataye wani kwaɗo a tagar shagonsa a Landan shekara da shekaru, da alkawarin gini 200, wato tsabar kuɗin zinariya na Ingila, ga duk wanda ya buɗe shi ba da makullinsa ba. A 1851 Alfred Hobbs ya zo daga Amurka baje kolin da aka yi a birnin, ya zauna masa awa 51 cikin kwana 16 har ya buɗe. An yi ta gardama, amma an biya shi, kuma daga baya ya kafa kamfanin makullai a Landan ɗin, mutane suna saye a hannunsa. Wanda ya nuna musu raunin makulli shi suka ba amanar ƙofa. Ni shinkafa da kaji aka ba ni aka karɓe amanar.

Da magariba na ga sabon kwaɗo a siton. Ya fi na da girma, amma kamfani ɗaya ne, ƙira ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna duk abin da na faɗa yanzu cewa za a yi har na gwada shi da ido.

Tsohon kuwa yarinyar ta miƙo mini shi ta taga, wai Hajiya ta ce in riƙe tunda ya san hannuna. Bayan isha na kunna fitilar waya na ɗaure shi. Irin waɗannan ba a warware su ta baya, ta gefe ake zuba fil a toshe ramukan, in ka goge da magagari za ka ga 'yan da'irori a jere. Na huda su ɗaya bayan ɗaya na zazzage a kan ƙyallen. Makullinsa haƙora biyar gare shi, na sha ganinsa a hannun ɗanta. Fil uku na samu a ciki, kuma sifirin ɗin ɗaya tsatsa ta cinye shi. Na ɗauki hoto, zan sa muku gobe in caji ya samu.

Silindar tawa har yanzu ba ta buɗe ba, fil na huɗun ne ke zubar mini da sauran. Maman yara ta ce da safe za ta shiga gaida Hajiya ta mayar da kwanukan, ta tambaye ni ko da saƙo. Na ce ta ce miyar ta yi daɗi.