Wankin gidan da kowa ke sammako

Sana'ata wanki da guga ce, shagona kuma yana kan titin da ya tashi daga Kwangila ya bi ta Palladan ya nufi Samaru. Masu kawo mini kaya yawancinsu ba ganda ce ta hana su wanki ba. Akwai malaman Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ma'aikatan jinya masu kwanan aiki a asibitin koyarwa na Shika, akwai 'yan kasuwar Sabon Gari da ba sa ganin gida sai bayan magariba, ga matan da ke koyarwa a firamare, su dawo su ɗora tukunya, su shirya yara zuwa Islamiyya. Gidaje ne da uba da uwa da yara kowa ke sammako. A irin wannan gida dauɗar kaya ba ta jiran kowa, kullum ƙaruwa take yi.

Da zarar an sauke ƙulli a gabana na kwance, nakan gane yadda gidan yake tafiya. Wani bakkon in ka zazzage shi za ka ga farar shaddar maigida ta kwana da jan ɗankwali mai zuba, ga jiƙaƙƙen tawul a tsakiya ya fara baƙin fumfuna, ga safar makaranta wari ɗaya, ga tsumman kicin mai manja ya manne da hijabin Islamiyya. Kafin ruwa ya taɓa waɗannan kaya an riga an gama ɓarnar. Shi ya sa in wata ta tambaye ni wane sabulu nake amfani da shi har fararen kayana suke fita haka, nakan ce: "Hajiya, sabulun da ke gidanki shi ne a nan. Bambancin yana inda aka jefa riga lokacin da aka tuɓe ta."

Wannan ita ce maganar da na fi nanata wa masu hulɗa da ni. Gidan da ke da wurin zuba kayan wanki guda ɗaya tak, ko bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado, ya tara wa wani aikin tsinta a ranar da ba shi da lokacin yi. A ware fari daban, mai launi daban, tun daga ɗaki. Ba sai an sayi kwandon kanti ba, tsohon baho ko kwali ya isa, in dai iska na shiga. Yaro ɗan shekara biyar ya san fari ya san ja, kuma in aka nuna masa ya ga kowa na yi, zai bi. Wanda ya fi wuyar koyo maigida ne. Shi ne zai rataye riga a ƙusa da biro a aljihu, da ɓarin goro, da rasit, ya ce ai zai sake sa ta, sai bayan mako a same ta a ƙasa.

Akwai kashi na uku da bai kamata ya shiga kowane kwando ba: duk abin da ke da danshi, da duk abin da najasa ta taɓa. Zanin gadon yaro mai fitsarin kwance, wandunan jarirai, zanin goyo. Waɗannan a ɗauraye su nan take da ruwa zalla, a shanya, in ya so su jira ranar wanki a bushe. Dalilin ba wari kaɗai ba ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, ruwan da sabulu ya canja wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya ɗauke hukuncin najasa, sai ruwa tsarkakakke. To in aka dulmiya wandon jariri cikin kumfar omo tare da rigar da za a yi salla da ita, an jawo aikin ɗauraya mai yawa, a garin da unguwanni da dama sai an sayi ruwa a jarka daga hannun 'yan garuwa. A shagona doka ce, irin waɗannan kaya da bahonsu daban, kuma ɗaurayar ƙarshe ta kowane kaya sai ruwa ya fita garau. Yaron da ya zo koyon aiki wannan nake fara koya masa kafin ya taɓa dutsen guga.

Sai maganar rana. Mutane da yawa Asabar suka sani, a tara na mako guda a yi ta fama tun safe har la'asar, uwargida ta tashi da ciwon baya, rabin kayan kuma bai bushe ba. Ni lissafina daga baya yake farawa: wace rana ake bukatar wannan riga a jiki? A gidan Bahaushen Zariya ranakun da ba a wasa da su biyu ne. Juma'a maza da yara maza na son fari mai guga. Litinin kuma yunifom da kayan ofis. In Juma'a ake son kaya, a wanke su Talata ko Laraba, a goge Alhamis. Yunifom kuwa ranar da aka tuɓe na ƙarshen mako ranar ya kamata ya shiga ruwa, ba daren Lahadi ba, lokacin da ake neman fanka ta busar da shi ga wuta babu. Kayan Islamiyya suna da nasu sararin, tunda yawancin makarantun suna hutu Alhamis da Juma'a. Zannuwan gado da labule da darduma ba sa gaggawa, su ne na Asabar.

Tun da gwamnatin Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a watan Disamban 2021, na ga canji a littafina. Ma'aikatan jiha da suka sami Juma'a a gida da dama sun rage kawo ƙananan kaya, suna yi da kansu da safe kafin masallaci. Ma'aikatan tarayya, irin na jami'a da na asibitin koyarwa, su abin bai shafe su ba, har yanzu su ne masu tsayawa da mota ranar Alhamis da yamma suna cewa, "Malam, don Allah a taimaka, gobe nake so." Nakan taimaka in da hali, amma kuɗin gaggawa daban ne, kuma na faɗa tun kafin a sauke kaya.

Yanayi ma yana da bakin magana. Daminar Zariya takan fara wajen watan Mayu ta kai Oktoba, kuma a Agusta sai a yi kwanaki rana ba ta fito sosai ba. A lokacin babban kuskure shi ne wanki mai yawa a tashi ɗaya, domin igiyar shanya ba ta ƙaruwa don an ƙara kaya. A yi kaɗan-kaɗan, a matse sosai, a ja igiya a baranda ko a rumfa inda iska ke ratsawa. Kada a ninke kaya da sauran sanyi a jikinsu, warin da suke yi ko turare ba ya rufe shi. Kuma kada a shanya a ƙasa ko kan ciyawa. Akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a kan tufafi masu danshi, musamman masu ƙanshin fitsari ko gumi da aka bari a inuwa. In aka sa wa yaro, tsutsar takan shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan, saboda haka da damina ko singiletin yaro da wandon ciki a bi su da guga, ciki da bai.

Hunturu kuma nasa salon daban. Kaya na bushewa kafin ka gama shanya na ƙarshe, amma in ka bar fari a igiya har yamma ƙura ta mayar da shi ruwan ƙasa. Da ya bushe a kwashe. Wannan aikin yara ne in sun dawo makaranta, ba sai an jira uwa ba.

Kan tabo ba zan tsawaita ba. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi dafa shi yake yi a jikin yadi. Manja a goga masa sabulu a baza a rana, rana na cinye jan. Abin da ba na so shi ne a goge riga da tabo a jikinta, domin zafi na zaunar da shi, sannan a kawo mini a ce in yi dabara. Ruwan bilicin da ake sayarwa a leda yana da amfani ga farin auduga in an tsarma shi da ruwa, amma yawansa na cin zare, yana kuma mayar da wasu yadudduka rawaya. Kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Yanzu bari in faɗi abin da wasu abokan sana'ata ba sa so a faɗa. Ba kowane kaya ya cancanci a biya kuɗi a kansa ba. Kayan shan iskan yara, singileti, zannuwan zaman gida, tawul, duk waɗannan gida ya fi dacewa da su, ko da hannu ko da ƙaramin injin wanki mai baki biyu, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti ba sai famfo na zuwa ba. Kayan ciki na mata dama ba a kai wa mai wanki, kunya ta hana, kuma daidai ne. Sauran kayan mata da ake kawowa, leshi da atamfa da mayafai, wasu mata biyu ne ke wanke mini su a cikin gida, ni guga kawai ke zuwa hannuna. Iyalin da suka raba aiki haka, ƙananan kaya a gida sauran a shago, kuɗinsu yakan kai ƙarshen wata, ni ma ba na cika shago da abin da ribarsa ba ta biyan ruwa.

Abin da ya kamata a kawo mini shi ne wanda in ya lalace za a yi baƙin ciki. Shadda ta fi kowa. Shadda mai tsada, irin Getzner da ake yi a Ostiriya, ƙyallinta a fuskar yadin yake, kuma jiƙo mai tsawo da burushi da murɗa su ne ke kashe shi. Ita kaɗai ake wanke ta, a ruwan sanyi, a cuɗa wuya da hammata da bakin hannu a hankali, a juya ta a shanya a inuwa. Babbar riga mai aikin hannu kuwa, wadda Zazzau ta yi suna a kanta, aska biyu ko aska takwas, wani mai ɗinki ya yi watanni a kanta da allura. Dutsen guga mai zafi ba ya hawa kan aikin kai tsaye, ta baya ake bi, ko a shimfiɗa wani ƙyalle a sama. Wasu rigunan ma ba na guga ba ne sam. Sitaci ake sa musu a kai wa masu bugu a cikin birni, su shimfiɗa a kan gungume su yi ta bugu da mabugi har ƙyalli ya dawo. Ni ba na bugu, kai musu nake yi, kuma nakan gaya wa mai riga ya ƙara kwana a lissafinsa. Hula ma haka, da masu ita. Ana wanke ta a sa mata sitaci a ɗora a kan gungumen da ya yi daidai da kan mai ita ta bushe a can. Wanda ya ce wankin hula kan kai mutum dare ya san abin da yake faɗa.

Guga ita ce ta fi cin kuɗi a wannan sana'a. Wutar lantarki ba ta da alƙawari, janareta kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zama sai dole. Dutsen gawayi na nan bai mutu ba, nauyinsa ma yana kwantar da sitaci fiye da na wuta, sai dai tartsatsi ɗaya ya isa ya huda rigar da ta fi kuɗin aikin wata. A waje ake hura shi, a kakkaɓe toka, a goge gindinsa kafin ya hau fari. A gida kuwa shawarata ita ce duk lokacin da aka kawo wuta a goge na kwana uku ko huɗu a rataye, maimakon kowa ya tashi da asuba yana neman dutse.

Yadda ba na haɗa kayan gidaje kuwa, da zare ne. Kowane gida da launin zarensa, ana ɗaura ɗan ƙulli a cikin kalmasa inda ba a gani, a rubuta a littafi: riguna kaza, wanduna kaza, a ƙirga a gaban wanda ya kawo. Abin da aka samu a aljihu, kuɗi ne ko katin banki ko makulli, yana shiga leda da sunan gidan. Wata uwa mai 'ya'ya maza kusan kai ɗaya ta ga haka ta ɗauka, ta ba kowane yaro launinsa, a yunifom da singileti da safa. Ta ce rigimar safe ta "wannan tawa ce" ta mutu a gidanta. Ta kuma ba kowannensu jakarsa, in an kwashe shanya kowa ya tsinci nasa ya ninke. Wankin da aka tara a kan kujerar falo ba a ninke ba, kwana biyu ya koma dauɗa, yara sun hau, an nemi abu an watsar.

Makon Salla shi ne gwajin kowa. Telolin gari sai daren jajibiri suke sakin ɗinki, ga masu hawa da 'yan rakiyarsu na son manyan riguna su fito fes don hawan Sarkin Zazzau, masu bugu kuma layi ya yi musu yawa. Saboda haka nakan daina karɓar tsofaffin kaya ana saura kwana biyar, in bar teburi don sabon ɗinki kaɗai. Labule da zannuwan gado da darduma na masu karɓar baƙi, tun azumi na da goma sha biyar nake aika yaro gida-gida ya karɓo su. A Babbar Salla kuma nakan roƙi masu yanka su ware rigar da za su yi fiɗa da ita, su tsoma ta a ruwan sanyi ranar, kada ta kwana a bakko ɗaya da kayan idi.