Yadda na yi wa wani shagon shayin matasa tambari da kofi a Yaba

Sana'ata zane a kwamfuta: katin biki, allon shago, fastar 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. A Agege aka haife ni, a nan nake zaune, ko da yake iyayena daga Kano suka taso. Bara ƙanen wani abokina ya kawo mini aikin da ya fi duk waɗannan cin rai. Mahaifinsu ya shekara da shekaru yana riƙe da teburin shayi a unguwarmu, shi kuma yaron ya gama Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, yana son buɗe shago a Yaba, inda ɗaliban makarantarsu da na Jami'ar Legas da ke Akoka suke kai da kawowa. Za a sayar da shayi a kofin takarda, a kuma sayar da ganyen haɗi a ƙunshe don masu kaiwa gida.

"Yaya," ya ce da ni, "ina son kofin da 'yar jami'a za ta riƙe ta ɗauki hoto ba tare da ta ji kunya ba."

Wayarsa cike take da hotunan shagunan Landan da Dubai, da shayin nan na Taiwan mai ƙwallaye a ƙasan kofi. Ƙwallayen kuwa da sitacin rogo ake yin su, rogon da Najeriya ta fi kowace ƙasa nomawa a duniya, amma wannan zance ne na wata rana. Na ce masa hotunan sun yi kyau, sai dai duk wanda ya buɗe shago a Lekki irinsu yake kwaikwaya, kuma sun fi mu kuɗi. Abin da ba su da shi shi ne teburin Baba. Don haka can na fara aiki, da littafi da fensir, bayan sallar isha'i lokacin da ciniki yake kankama.

Wanda ya saba da teburin mai shayi ba ya lura da abin da ke gabansa. Gwangwanayen Peak da Milo da Bournvita a jere, kwalin Lipton, burodin Agege a tsaye cikin leda, kiret ɗin ƙwai, tukunya tana tafasa a gefe. Ba wanda yake karanta komai kafin ya saya. Wannan ya ce a ba shi mai kauri, wancan ya ce ruwan bunu, wani ya ce a ƙara citta. Na zana gwangwani, na zana buta, na zana ganye, duk ba su zauna mini ba. Sai Baba ya leƙo littafin ya yi dariya.

"Ɗana, ni ban san zane ba. Amma duk wanda ya hango ni daga bakin titi ina sheƙa shayi, ya san an buɗe."

Na ɗaga kai na dube shi. Kofi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, shayin yana zubowa tsakaninsu a lanƙwashe, ko ɗigo bai faɗi ba. Tambarin ke nan: kofuna biyu da zare ɗaya na shayi da ya haɗa su. Layi ne kaɗan, yana fitowa a allon shago mai faɗin mita biyu, yana kuma fitowa a ɗan da'irar hoton WhatsApp da bai kai farce ba. Wannan gwajin nake yi wa kowane tambari yanzu, in rage shi har ya kusa ɓacewa, in ga ko ana gane shi.

Mai shagon ya so a sa dagin Arewa a wani gefe. Na ƙi, kuma mun ɗan ja. Ba raina dagin na yi ba. Mai kilishi ya sa shi, mai tsire ya sa shi, ƙungiyar 'yan gari kaza mazauna Legas ta sa shi a kalandarta, har ya daina bambanta kowa da kowa. Sannan a Yaba yawancin masu saye Yarabawa ne da Ibo da sauran jama'a. Ba na son kofin ya ce musu wannan na wasu ne.

Wajen launi, titin Legas ne ya yanke hukunci. Rawaya ba ta da amfani a nan: danfo rawaya ce, lemar MTN rawaya ce, kwalin Lipton ma haka. Ka sa allo mai rawaya a Yaba, ya nutse. Kore na Milo ne a idon duk wanda ya taɓa zama a teburin shayi. Muka tsaya a kan shuɗi mai duhu irin na baba, wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano, aka haɗa shi da ruwan madara. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne adiren Abekuta ma da irin wannan shuɗin aka san shi. Bahaushe ya gani ya tuna rawani da turkuɗi, Bayarabe ya gani ya tuna zanin kakarsa, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Haruffa sun ba ni wahalar da ban ga wani mai zane a Legas yana maganarta ba. Sunan shagon yana da ƙ a ciki, jerin abubuwan sha kuma cike yake da ƙwai, ƙarami, ɗan kaɗan. Yawancin samfuran haruffa masu kyan gani da matasa suke so ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani samfuri daban, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ta sa ɗan akwati babu komai a ciki. Don ƙananan rubutu na ɗauki Noto Sans na Google, wanda yake da su duka. Don sunan shagon kuwa da hannu na zana ƙugiyar ƙ ɗin, na lanƙwasa ta daidai da zaren shayin tambarin. Kafin in kai aiki maɗaba'a sai na mayar da dukan rubutun ya zama zane, don kada kwamfutar can ta musanya mini harafi. An bar sunayen shayin da Hausa, a ƙarƙashin kowanne layi ɗaya na Turanci yana faɗin abin da ke ciki: citta, kanumfari, na'a-na'a, kimba.

Daga nan sai Shomolu, unguwar maɗaba'u a Legas. Duk mai zanen da bai taɓa tsayawa kusa da injin yana aiki ba, da sauransa. Fuskar waya da haske take nuna launi, injin kuwa tawada huɗu yake gaurayawa, kuma shuɗi mai duhu yana cikin launukan da suka fi saurin karkata zuwa shunayya. A kan takarda mai ruwan ƙasa, wadda matasa suke so don tana kama da ta shagunan waje, abin ya fi muni, domin takardar tana shanye tawada, shuɗin ya koma kusan baƙi, ruwan madarar kuma ba ya fitowa sam tunda injin ba shi da farar tawada. Wani dattijo mai injin ya ba ni shawarar a haɗa shuɗin a matsayin tawada guda a zuba shi kai tsaye, a kan farar takarda. Launi ɗaya, farantin bugawa ɗaya, kuɗi ya ragu, kuma bugu na biyu zai yi daidai da na farko.

Kofi ba kwali ba ne. Bakinsa ya fi gindinsa faɗi, don haka idan aka warware shi ba ya miƙewa, lanƙwashe yake kamar yankan kankana. Dole zanen ya bi wannan lanƙwasar, in ba haka ba rubutun zai karkace idan an naɗe. Sai ka bar wurin da za a manne, ka kuma tuna inda yatsu za su rufe. Na ɗaga tambarin sama kusa da baki, saboda mai ɗaukar hoto daga tsakiya yake riƙe kofi.

Amma ba a buga kofin ba da farko. Masu yin kofi ba sa kunna inji sai ka sayi dubbai a lokaci guda, sabon shago kuwa bai san ko ƙarami ne zai fi tafiya ko babba ba. Muka sayi fararen kofuna marasa rubutu, mai ɗaukar kusan mililita 240 da mai ɗaukar kusan 350, muka buga riga ta kwali da ake zura wa kofin. Rigar tana ɗauke da tambari, tana kuma hana shayi ƙona hannu. Kofin soso dama ba a maganarsa, tun watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta shi, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta tsaurara a kan robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Zoɓo da shayi mai ƙanƙara su ne suka buƙaci dabara daban, domin gumin sanyi yana jiƙa sitikar takarda ta saɓule cikin minti kaɗan. Su aka yi musu sitikar da ruwa ba ya ci.

Murfi kuwa mai babur ne alƙalinsa. Da yawa daga cinikin ta waya yake zuwa, ɗan aike ya sa kofi a akwatin bayansa ya bi ramukan titi da go-silo. Muka cika kofuna da ruwan zafi muka ba wani ɗan aike da muka sani ya zagaya da su. Murfin da ya fi kyan gani shi ya fara zubarwa. Aka ɗauki mummunan, aka ƙara masa siririyar sitika da ke ɗaure murfi da kofi, wadda kuma take nuna wa mai saye ba a buɗe a hanya ba.

Ƙunshin ganyen ya fi komai ƙa'ida. Danshin Legas, musamman da damina, yana kashe ƙamshin citta da na'a-na'a idan takarda ce zalla, don haka aka ɗauki jaka mai rufin alminiyam a ciki da zif a baki. Bayanta kuma ba wurin ado ba ne. Abincin da aka ƙunshe don sayarwa sai an rubuta abubuwan da ke ciki, nauyi, adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar da aka yi da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC. Na ware wa waɗannan wurinsu tun kafin in fara ƙawata gaba. Mai shagon yana sayen wani ɓangare na ganyensa daga tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda ake noman shayin Highland, sai na ce a rubuta haka ɓaro-ɓaro, domin ɗalibai da yawa ba su san ana noman shayi a Najeriya ba.

Na kuma gaya masa rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare tambari. Wannan rajistar daban ce, ta alamar kasuwanci, kuma shayi yana rukuni na 30, hidimar sayar da abinci da abin sha tana na 43. Ya ce sai kuɗi sun shigo. Na miƙa masa fayilolin duka da takarda guda mai ɗauke da lambar shuɗin da sunan haruffan, don duk wanda zai yi masa zane nan gaba kada ya yi yadda ya ga dama. Yanzu rigimarmu a kan kofin Sallah ce: shi yana son a ƙara ruwan zinare da jinjirin wata, ni kuma na ce a canza rigar kwalin kawai a bar shuɗin yadda yake. Har yanzu ba mu daidaita ba.