Man kanumfari da ƙwayoyin cuta

A kasuwar Mile 12 da shagunan Hausawa na Agege a Legas, yanzu ana sayar da ƙananan kwalabe na man kanumfari da man kirfa a gefen busassun kayan yaji, kuma masu sayarwa suna cewa suna kashe ƙwayoyin cuta. Maganar tana da tushe, sai dai ana yawan zuzuta ta.

Ana samun man kanumfari ne ta hanyar turara kanumfari da tururin ruwa, sannan a sanyaya tururin a raba man da ruwan. Fiye da kashi 70 cikin 100 na man sinadarin yujinol ne, wanda yake ratsa fatar da ta lulluɓe bakteriya ya huda ta, abin da ke cikinta ya tsiyaye har ta mutu. Likitocin haƙori sun daɗe suna haɗa shi da sinadarin zinki wajen cike kogon haƙori na wucin gadi, shi ya sa ɗakunansu kan yi ƙamshin kanumfari. Bakteriya masu fata biyu, irin su E. coli da ake samu a hanji, galibi sun fi jure masa.

Matsalar ita ce yawancin gwaje-gwajen a cikin faranti aka yi su a ɗakin bincike, ba a jikin ɗan Adam ba. Tsantsar man tana ƙona dasashi, kuma idan yaro ya sha ta tana iya lalata masa hanta. A ganina, mai ciwo irin taifod asibiti ya kamata ya nufa maimakon ya dogara da wannan mai, sannan kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC a bar ta a kan tebur.