Busasshiyar Allura a Saman Baya: Yadda Nake Yi da Inda Ake Yin Kuskure

Yawancin masu zuwa wurina da ciwon saman baya bayan motsa jiki, wuri ɗaya suke nunawa da yatsa: tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, ko can sama inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Wani zai ce yana cikin ɗaga ƙarfe sama da kai ya ji abu ya tsarga masa, wani kuma lafiya lau ya kwanta, da gari ya waye wuyan ya ƙi juyawa. Tambayar farko kusan kullum ita ce, "Likita, za a yi mini allurar nan?" Ni kuwa ba na amsawa sai na duba, domin ba kowane ciwon baya ne ke son allura ba, kuma a wannan sashe na jiki huhu yana dab da fata fiye da yadda mutane ke zato.

Ana ce mata busasshiya ne saboda babu maganin da ake ɗurawa. Allurar ba ta da rami a ciki, siririya ce, kaurinta milimita 0.25 zuwa 0.30, irin wadda ake akufanca da ita, wato maganin gargajiyar Sin na soka allurai a jiki. Sai dai tunanin da ke bayan aikin daban ne. Mu ƙullin tsoka muke nema, wato wani ɗan curi mai tauri da ke cikin zaren tsokar da ta ɗaure, wanda idan ka danna sai zafin ya harba zuwa wani wuri. Janet Travell da David Simons a Amurka su ne suka zayyana taswirar waɗannan ƙulle-ƙulle da inda kowanne ke tura ciwonsa. A 1979 kuma Karel Lewit ya nuna cewa sukar allurar ita kanta tana rage zafin, ko da ba a zuba komai ba.

Kafin in buɗe ledar allura, abu uku nake rarrabewa. Akwai tsamin jiki na bayan atisaye, wanda ke tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, yakan kama ɓangarori biyu daidai, ya kuma wuce da kansa. Wannan ba ruwansa da allura. Akwai sabuwar yagewar tsoka: mutum ya san daidai lokacin da abin ya faru, wurin yana zafi idan ya matse tsokar ko ya miƙe ta, wani lokaci har da kumburi ko taruwar jini. Ba na soka allura a tsokar da ta yage jiya ko shekaranjiya. Rauni ne, ƙara masa wani rauni ba taimako ba ne. Kwana 2 zuwa 3 na farko sassauta nauyi ne da motsi a hankali. Ƙaramar yagewa takan haɗe cikin mako 2 zuwa 3, babba kuwa tana iya cin mako 6 ko fiye. Na uku shi ne ƙullin da ke saura bayan raunin ya lafa, inda tsokokin kewaye suka ɗaure don kare wurin suka kuma ƙi saki. Nan ne allura ke da aiki.

Akwai kuma ciwon da ke fakewa da sunan tsoka. Jijiyar da ta matsu a ƙasan wuya tana tura zafi daidai gefen allon kafaɗa, shi ya sa nake juya wuyan kowa, in gwada ƙarfin hannu da jin taɓawa har zuwa yatsu. Ciwon matsarmama yakan bayyana a bayan kafaɗar dama, na zuciya ma yana iya zuwa tsakanin kafaɗu. Idan akwai zazzaɓi, ramewa ba dalili, ciwon da ke tayar da mutum tsakar dare ko ya canza kwanciya bai sassauta ba, sarƙewar numfashi, ko hannu ya fara sagewa, sai in tura shi a yi bincike tukuna. Nakan kuma tambayi ko yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko mace tana da juna biyu, ko akwai ƙurji a fatar wurin, ko garkuwar jikinsa ta yi rauni. Mai tsananin tsoron allura ba na lallashinsa, akwai wasu hanyoyin.

Idan za a yi, kwanciya ake yi, ruf da ciki ko a gefe. Ba na yi wa kowa a zaune, saboda jiri yana ɗibar mutum ba zato, har ƙato mai ɗaga kilo 100. Sai in wanke hannu, in sa safar hannu, in goge wurin da sifirit, in ɗauko sabuwar allura daga ledarta. Allura ɗaya, amfani ɗaya, daga nan sai kwandon zubar da allurai.

Tsokar saman kafaɗa, wato ɓangaren sama na tarafiziyos, faffaɗar tsokar da ta taso daga ƙeya ta rufe kafaɗu har tsakiyar baya, ita ce mafi yawan wadda nake yi wa. Nakan kama ta tsakanin babban yatsa da manuni, in ɗago ta sama ta rabu da ƙirji, sannan in tura allura mai tsawon milimita 30 zuwa 40 ta nufi yatsana da ke ɗaya gefen. Dalili shi ne ƙololuwar huhu tana hawowa har sama da ƙashin wuya na gaba. Wanda ya soka allurar ta kalli ƙasa a wannan wuri, ya nufi huhu kai tsaye.

Tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, inda rombod (tsokar da ke jan allon kafaɗa zuwa ƙashin baya) da tsakiyar tarafiziyos suke, shi ne wurin da na fi jin nauyinsa. Tsokar ba ta da kauri, ƙarƙashinta haƙarƙari ne, tsakanin kowane haƙarƙari biyu kuma babu abin da zai tare allura. Abin da nake yi shi ne in lalubo haƙarƙari ɗaya, in kafa yatsa ɗaya a ramin samansa, ɗaya a ramin ƙasansa, sai in shigar da gajeriyar allura mai milimita 25 a karkace, tana kallon ƙashin da ke tsakanin yatsuna. Idan ban ji ƙashin sosai ba, saboda ƙiba ko don tsokar ta yi tauri, ba na yin kintace. Haka mutum siriri sosai. A irin wannan nakan tsaya a sama-sama, milimita 5 zuwa 10 ƙarƙashin fata, ko in bar allurar gaba ɗaya in danna ƙullin da babban yatsa na daƙiƙa 30 zuwa 60. Wanda bai yarda da hannunsa a wannan wuri ba, don Allah kada ya gwada a jikin ɗan wani.

Tsokar da ke shimfiɗe a bayan allon kafaɗa ta fi sauƙi, domin ƙashin allon yana tare allura, muddin ka tabbatar kana cikin iyakarsa. Sau da yawa ma ita ce ke tura ciwo zuwa gaban kafaɗa, mai ciwon yana ta shafa man zafi a wurin da ba nan matsalar take ba.

Da allura ta shiga, sai in riƙa turawa ina janyowa kaɗan-kaɗan ba tare da ta fito daga fata ba, ina ɗan sauya inda bakinta ya nufa. Idan ta taɓa ƙullin, tsokar takan zabura, kamar yadda fatar ido ke rawa amma da ƙarfi. Nakan gaya wa mutum tun da wuri cewa zai ji haka, kuma zai ji wani nauyi mai zurfi kamar tsoka ta murɗe. Amma idan ya ji abu kamar lantarki ya bi hannu, jijiya aka taɓa, sai a janye a canza wuri. A da nakan bi zabura har sai ta ƙare ƙaf. Na daina. Yawan suka ba ya ƙara sauƙi, tsami kawai yake ƙarawa, mutum ya kwana biyu bai iya atisayen da na ba shi ba. Yanzu zabura 2 ko 3 sun ishe ni, kuma a zaman farko ba na wuce tsoka 2 zuwa 3. Bayan cirewa nakan danne wurin da auduga kamar daƙiƙa 30 don kada jini ya taru.

Ba wanda ke barin ɗakin sai ya ji wannan daga bakina: tsami na awa 24 zuwa 48 ba komai ba ne, a gasa da ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15. Amma idan ya ji suka a ƙirji lokacin jan numfashi, ko numfashi ya gajarce, ko busasshen tari ya taso, ko da bayan awanni ne, ya tafi sashen gaggawa na asibiti, ya faɗa musu an yi masa allura a baya, a ɗauki hoton ƙirji. Huda huhu ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa, kuma jinkiri ne ke mayar da shi babban abu.

Abin da allura ke bayarwa ɗan sarari ne. Zafi ya ragu, wuya ya juya, na kwanaki ko 'yan makonni. Idan ba a yi amfani da wannan sarari an ƙarfafa tsokar ba, ƙullin zai dawo mazauninsa. Shi ya sa a ranar ma nake fara atisaye. Mako na farko: ja haɓa baya ba tare da sunkuyar da kai ba, riƙewa daƙiƙa 5, sau 10. Matse allunan kafaɗa baya da ƙasa, daƙiƙa 5, sau 10. Sai kwanciya rigingine a kan naɗaɗɗen tawul da aka gitta a tsakiyar baya, hannuwa a ƙeya, a riƙa bankarewa a hankali sau 8 zuwa 10. Mako na biyu sai a shigo da robar motsa jiki, a riƙa ja zuwa ciki, zagaye 3 kowanne sau 12 zuwa 15, da ɗaga hannuwa a ruf da ciki, su buɗe gefe-gefe sannan su miƙe sama a karkace. Kuskuren da nake gyarawa kullum shi ne ɗage kafaɗu zuwa kunne. Wanda ya yi haka, tsokar da ta riga ta gaji ita yake ƙara ɗora wa aiki, ƙasan tarafiziyos kuwa da ake son tayarwa tana nan tana barci.

Miƙe tsoka shi kaɗai yakan yaudari mutane. Mai yawan zama a sunkuye, tsokokin tsakanin kafaɗunsa sun riga sun miƙe fiye da kima, ƙarfi suke nema. Yana rungumar kansa yana ja, ya ji daɗi na minti biyar, da yamma ciwon ya dawo.

Komawa ɗaga ƙarfe kuwa, da rabin nauyin da aka saba ake farawa, a riƙa ƙara kamar kashi 10 cikin 100 duk mako, ɗagawa sama da kai ita ce ta ƙarshen dawowa. Ma'aunina shi ne zafin kada ya wuce 3 cikin 10 lokacin atisaye, kuma washegari ya zama ya lafa. Idan bai lafa ba, an yi gaggawa, a koma nauyin makon jiya. Nakan kuma nemi in ga yadda mutum ke ɗagawa, domin sau da yawa musabbabin yana can: kai ya zuro gaba, ana fizgar ƙarfe maimakon ja, ko an ninka atisayen baya cikin mako ɗaya.

Tsakanin zama da zama nakan bar kwana 5 zuwa 7. Idan aka yi zama 3 babu wani canji a juyawar wuya ko a zafin, ba na yin na huɗu. Nakan ajiye allurar in sake dubawa tun daga wuya, in gwada gaɓoɓin haƙarƙari da na ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, domin yawanci a nan nake samun abin da ya kuɓuce mini da farko.