Abin da Frankenstein Ya Koya Mana Kan Mayar da Littafi Fim ɗin Tsoro

Duk wanda ya zauna zai mayar da littafin Frankenstein fim, da lissafi zai fara cin karo. Littafin da Mary Shelley ta fitar a 1818 yana da kalmomi wajen 75,000. A ƙa'idar masu rubutun fim kuwa, shafi ɗaya minti ɗaya ne, saboda haka fim na awa biyu bai cika wuce shafi 120 ba, shafukan ma rabinsu fili ne. Dole a zubar da mafi yawan littafin ke nan. Abin da aka zaɓa aka zubar shi ke nuna irin fim ɗin da za a samu, kuma sama da shekara ɗari abin da aka fi yawan zubarwa shi ne bakin dodon, wato maganar halittar da Victor Frankenstein ya haɗa ya ba ta rai a labarin. A ganinmu nan ne yawancin finafinan ke karyewa, tun kafin a kunna kyamara.

Littafin labari ne a cikin labari. Walton, matuƙin jirgin ruwan da ƙanƙara ta tare a can ƙuryar arewacin duniya, yana rubuta wa 'yar'uwarsa wasiƙu. A cikin wasiƙun Victor Frankenstein yake ba da labarinsa. A tsakiyar labarin Victor kuma, babi na 11 zuwa na 16 a bugun 1831, halittar da kanta take magana. Tana ba da labarin yadda ta ɓuya a wata 'yar rumfa da ke jingine da gidan iyalin De Lacey, tana leƙen su ta tsagin katako, a haka ta koyi magana da karatu, da dare kuma ta yo musu itace ta ajiye a ƙofa ba su san mai kawowa ba. Ranar da ta bayyana kanta ga tsohon makahon gidan, 'ya'yansa suka shigo suka gan ta, aka kore ta da duka. Mai karatu yana fitowa daga waɗannan babi shida yana tausayin abin da zai ci gaba da kashe mutane, kuma tsoron littafin daga nan yake fitowa.

Rufe wa dodon baki ya girmi sinima. Wasan dandamali na Richard Brinsley Peake da aka yi a Landan a 1823 shi ya mayar da shi bebe, shi kuma ya ƙirƙiro wa Victor yaron aiki mai suna Fritz, wanda babu shi a littafin. Fim ɗin kamfanin Universal na 1931, wanda James Whale ya ba da umarni, ya gaji duka biyun, ya ƙara da nasa: Fritz ya sato ƙwaƙwalwar mai laifi aka saka wa halittar. Wannan ƙarin ƙarami ne a takarda, amma ya juya labarin gaba ɗaya. A littafin wulaƙanci da kora ne suka mayar da halittar mai kisa. A fim ɗin an ba mai kallo dalilin da zai ce ai daman da muguntarta aka haɗa ta. Boris Karloff, wanda ya fito a matsayin dodon, shi ne ya ceci fim ɗin da idanunsa da yadda yake miƙa hannu wajen haske, ya mayar da tausayin da rubutun ya cire. Amma ba kowane mai shiri ke samun Karloff ba, kuma bai kamata a rubuta fim ana jiran jarumi ya toshe ramin da marubuci ya haƙa ba.

Ba wa dodon baki ma yana da nasa tarkon. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora muryarsa a kan hotuna yana ta bayani, sai fim ya koma karatun littafi, tsoro ya gudu. Abin da ya fi aiki shi ne a nuna koyon maganar a aikace: kalma ɗaya da farko, yana maimaita ta ba daidai ba, sannan biyu, har zuwa fitowar da zai tsaya gaban mahaliccinsa ya yi masa tambayar da ba shi da amsarta. Fim ɗin Guillermo del Toro na 2025, wanda Netflix ta fitar, ya raba labarin gida biyu, na Victor da na halittar, bayan buɗewa a kan ƙanƙara, kuma wannan ya dawo da ginin littafin fiye da yawancin na baya. Inda muke da ja da shi shi ne ya wanke halittar sosai. A littafin ita ta shaƙe ƙaramin yaro William, ƙanen Victor, ta saka hoton da ke wuyansa a tufafin Justine, 'yar aikin gidansu, har aka rataye baiwar Allah a kan laifin da ba ta yi ba, ta kashe Clerval abokin Victor, ta kashe Elizabeth a daren aurenta da Victor. Ta yi duk wannan tana sane, da cikakken hankali. Idan aka cire wannan, za a sami fim mai ban tausayi, amma mai kallo ba zai shiga halin da littafin ke jefa shi ba, na jin tausayin abu da jin tsoronsa a lokaci guda. Ko da Justine kaɗai aka bari, fitowa uku ta isa: kamu, shari'a, da shirun Victor a kotu alhali ya san gaskiya.

Fitowar haɗa halittar ita ce ke cinye kuɗi, alhali a littafin 'yan layuka ne. Dare ne na watan Nuwamba a birnin Ingolstadt na Jamus, ana ruwa, kyandir ya kusa ƙarewa, ido mai ruwan ɗorawa ya buɗe. Babu tsawa, babu hasumiya, Victor ma ya ƙi faɗin yadda ya yi. Fim ɗin kamfanin Edison na 1910 ya ƙona mutum-mutumi ne aka juya hoton baya, sai ya zama kamar nama na taruwa a kan ƙashi daga cikin wuta. Na 1931 ya kawo injinan lantarki na Kenneth Strickfaden masu tartsatsi, tun daga nan kowa ke ganin dole ne. A kashe abin da za a kashe, amma muhimmin minti shi ne wanda ke biye: halittar ta miƙa hannu, wanda ya yi ta ya juya ya gudu. Sau da yawa ana kwashe kwanaki ana ɗaukar tartsatsi, sannan a ɗauki gudun a gurguje da yamma lokacin da kowa ya gaji.

Kafin mai kwalliya ya taɓa yumɓu, akwai maganar haƙƙin mallaka. Littafin ya daɗe da zama na kowa, amma fuskar da mai kwalliya Jack Pierce ya ƙera a 1931, mai shafaffen kai da ƙarafa biyu a wuya, mallakar Universal ce. Shi ya sa da kamfanin Hammer na Ingila ya yi nasa a 1957 da Christopher Lee a matsayin dodon, sai da mai kwalliya Phil Leakey ya ƙirƙiro wata fuska dabam. Gara a koma ga siffar littafin, wadda ba a cika amfani da ita ba: tsayi ƙafa takwas, fata ruwan ɗorawa da ƙyar ta rufe jijiyoyi, baƙin gashi mai sheƙi, fararen haƙora, baƙaƙen leɓɓa, idanu masu ruwa-ruwa. Victor kyawawan gaɓoɓi ya zaɓa, haɗuwarsu ce ta ba da muni.

Aikin kwalliyar yana farawa da ɗaukar zubin fuskar jarumi. Ana rufe gashi da hular roba, a shafa man shafawa a gira da gashin ido, a lulluɓe fuska da alginet, wato irin abin da likitan haƙori ke ɗaukar zubin baki da shi, a bar ƙofofin hanci a buɗe, a ɗora bandejin filasta a kai don ya riƙe siffa. Alginet yana ƙanƙancewa idan ya fara bushewa, don haka ana zuba filasta a ciki nan take. Idan aka bari ya kwana, duk abin da za a gina a kai zai fito ya matse wa jarumin fuska. A kan wannan zubin ake sassaƙa fuskar dodon da yumɓu mai mai, a yanka ta gida-gida, goshi dabam, kumatu dabam, haɓa da wuya dabam, domin fuska guda ɗungurungum ba ta motsi da naman da ke ƙarƙashinta.

Daga nan sai zaɓi tsakanin robar kumfa da silikon. Robar kumfa ba ta da nauyi, ana gasa ta a tanda a zafin digiri 85 ko kusa da haka na awa uku zuwa huɗu, amma haske ba ya ratsa ta, sai an yi mata fenti hawa-hawa kafin ta yi kama da fata. Silikon haske na shiga cikinsa kamar fatar gaske, ya fi kyau idan kyamara ta matso, sai dai yana da nauyi, a wuya da ƙirji yakan zazzago idan gumi ya taru. Yana kuma da wani hali da ke ɓata wa sababbin hannu aiki: irin wanda ake haɗawa da filatinam ba ya daskarewa idan ya taɓa farar wuta ko robar latas. Yumɓu mai farar wuta a ciki, ko safar hannu ta latas da aka taɓa zubin da ita, ya isa a buɗe washegari a tarar da abu yana danƙo. Magani shi ne yumɓu marar farar wuta, safar nitiril, da gwada ɗan kaɗan kafin a zuba duka.

Gefen kowane yanki dole ya yi siriri kamar fatar albasa don ya narke cikin fatar jarumi, kuma wajen cirewa yagewa yake yi. Ma'ana kowace ranar ɗauka sabon saiti ake buƙata. Idan dodon zai fito kwana 40, saiti 40 za a zuba har da ƙari. Halittar del Toro, wadda Mike Hill ya tsara wa jarumi Jacob Elordi, yanki 42 ce, kuma idan jiki duka za a nuna, saka ta kan kai awa goma. Mai tsara jadawali da bai saka wannan a lissafi ba zai tarar ba shi da isasshen lokacin ɗauka, ga cirewa da mai narkar da gam ita ma tana cin lokaci, ga fata na buƙatar hutu don kada ta yi ƙuraje. Dabarar ita ce a tara fitowar da dodon ke sanye da riga a wasu ranaku, inda fuska da hannaye kawai za a yi, a ware ranakun jiki duka su zama kaɗan. Wani abin lura: zubin na mutum ɗaya ne. Andrew Garfield aka fara ɗauka a wannan fim, da ya fita aka kawo Elordi ana saura makonni a fara, sai da aka sake aikin a kan sabon jiki. Kuma a bar wa jarumi kewayen ido da baki su yi siriri iyakar iyawa. Karloff cire haƙoran roba na gefen bakinsa ya yi kumatunsa ya lotsa, aka ɗora masa kaki a fatar ido, sauran aikin fuskarsa ce ta yi.

Duhu ma akwai yadda ake yin sa. Ana tace launin fim a ɗaki mai duhu a kan allo mai tsada, amma mafi yawan masu kallo, har da namu, a waya suke gani, da rana, da intanet mai rauni da ke matse hoto. Wurin da mai ɗaukar hoto ya ga inuwa mai hawa-hawa, su baƙin tabo suke gani mai layi-layi. Gara a haska wurin sosai lokacin ɗauka a rage hasken wajen tacewa, a bar ɗan haske a bayan dodon da zai zana kafaɗarsa, da ɗigon haske a ido. Jinin fim, wanda yawanci ruwan sukari mai kauri ne da jan kala da ɗigon shuɗi, baƙi yake komawa a ƙarƙashin shuɗin hasken da ake kwaikwayon farin wata da shi, saboda haka a gwada shi da kwalliyar a ƙarƙashin ainihin fitilun da za a yi aiki da su. Haka sauti: gurnani mai zurfi da ke girgiza kujera a sinima, lasifikar waya ba ta fitar da shi sam, sai an haɗa masa wani sauti mai ɗan tsayi a sama, kamar shaƙar numfashi ko ƙarar ɗinki yana ja. Haƙoran roba kuma suna cinye harufa, don haka a tanadi ranakun sake ɗaukar murya a situdiyo tun a kasafi.

A ɗakin editin ma ana iya sake rufe wa dodon baki. A fim ɗin 1931 akwai fitowar da yake wasa da wata yarinya, Maria, a bakin tafki, suna jefa furanni suna kallon su a kan ruwa. Da furanninsa suka ƙare sai ya ɗauke ta ya jefa, yana zaton ita ma za ta yi iyo kamar su, sannan ya ruɗe ya gudu. Masu tace finafinai sun ga abin ya yi muni, aka yanke daga inda ya miƙa hannu zai kama ta. Abin da mai kallo ya koma gani shi ne dodo ya nufi yarinya, sai kuma mahaifinta ɗauke da gawarta yana ratsa gari, kowa ya cike giɓin da abin da ya fi na asalin muni. Yankan da bai kai minti ɗaya ba ya mayar da kuskuren marar wayo ya zama ta'asa da gangan, kuma a haka aka riƙa nuna fim ɗin har shekarun 1980 da aka dawo da yankin da aka cire.