Na ga fayil da idona, Loongson tace wai babu shi

Jama'a Alhamdulillah yau dai wata manhajar ofis da ta ƙi buɗe min ta buɗe a kan kwamfutata mai 3A6000, kwakwalwar kwamfuta (processor) ta kamfanin Loongson na China, nace bari in rubuta tun abin yana kaina saboda duk wanda ya sayo allon Loongson (motherboard) sai ya ci karo da wannan matsalar.

Gentoo, wani nau'in Linux, na ɗora ma kwamfutar tun farko, ba wata wahala tunda LoongArch, wato tsarin kwakwalwar Loongson, ya shiga kernel (zuciyar Linux) tun 5.19 a 2022, GCC mai haɗa manhajoji ma tun 12. Firefox na aiki, LibreOffice na aiki. Sai na sauko da wata manhajar ofis ta China wadda aka rubuta loongarch64 ɓaro ɓaro a jikinta, na kunna, sai tace No such file or directory, wato wai babu fayil ɗin. Ga fayil ina kallonshi, na yi ls yana nan, na bashi izinin gudu, amsa ɗaya. Wallahi raina ya ɓaci sosai, kuɗin kawo allon nan kaɗai ya kusa kamo kuɗin allon kanshi, ace kuma abu ya tsaya min a nan.

Ashe ba fayil ɗina take cewa babu ba. Da na duba cikinta da umarnin readelf -l sai naga manhajar tana neman fayil ɗin da ke loda ta a /lib64/ld.so.1, ni kuma abinda ke kan injina ld-linux-loongarch-lp64d.so.1 ne. LoongArch kashi biyu ne, masu harkar suna kiransu tsohuwar duniya da sabuwar duniya. Tsohuwar ita ce wadda kamfanin ya fitar da wuri lokacin 3A5000 a 2021, kernel 4.19 da glibc 2.28 (ɗakin karatun C da manhajoji ke dogaro da shi), irin su tsohon Loongnix da UOS da Kylin, nau'ikan Linux na China. Sabuwar kuma ita ce aka karɓa a Linux da glibc na kowa da kowa. Kwakwalwa ɗaya amma abinda aka haɗa ma ɗaya baya gudu a ɗayar.

Na gwada symlink, wato in sa tsohon sunan fayil ɗin ya nuna sabon, kar ku ɓata lokacinku, zai wuce matakin farko sannan ya fara kukan GLIBC_2.27 alhali sabuwar daga 2.36 ta fara, ga kuma tsarin siginal ɗinsu ma ba ɗaya bane. Abinda ya fisshe ni libLoL ne, mai sa manhajojin tsohuwar duniya su gudu a sabuwar, na mutanen AOSC masu haɗa wani nau'in Linux, Allah ya saka musu. Na saka shi da modul ɗin kernel ɗinshi, manhaja ta buɗe tsaf, har na buga takarda da ita.

Abinda ya tsaya min a rai, duk manhajar da lambarta ke buɗe ban sha wannan wahalar da ita ba, sake haɗa ta kawai akeyi. Rufaffun ne suka maƙale a tsohuwar duniya sai mai su ya ga dama. Shi yasa nake ganin girman zaɓin Richard Stallman, jagoran fafutukar manhajoji masu 'yanci, lokacin da yake riƙe da laptop ɗin Lemote Yeeloong mai Loongson 2F saboda har firmware ɗinta, wato manhajar da ke tada ta, buɗaɗɗe ne.

Saura LATX mai fassara manhajojin x86 (na kwakwalwar Intel da AMD) su gudu a Loongson, da na taɓa shi jiya fanka ta fara ihu. Wanda ya gwada shi a kan Gentoo don Allah ya min bayani.