Godiya bayan dawowarmu daga Yamai

Alhamdu lillahi, mun iso gida Tawa lafiya, ni da autata. Gajiya ta gama da ni, amma ba zan iya kwanciya ban ce muku na gode ba.

Kun bi mu tun daga farkon ciwon farfaɗiyar yarinyar, ba sai na maimaita ba. Abin da na ɓoye muku shi ne tsoron da ya cika mini ciki. Lokotoro ya duba sakamakon gwajin nan na wayoyi da ake liƙawa a kai, ya ce farfaɗiyar daga gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa take tasowa. Sikana ba ta nuna komai ba, don haka sai an yi hoto da na'urar IRM, ita ce ke ganin ƙananan tabo. Ni kuwa tun daga lokacin na ƙudurta ƙari ne ya fito mata a ƙwaƙwalwa.

Na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfi, ba a shiga ɗakin da ƙarfe ko kaɗan. Aka cire mata 'yan kunne ta yi shiru. Da aka zo kan layar da kakarta ta ɗaura mata, wadda aka naɗe da waya, sai ta fashe da kuka. Ma'aikaciyar ba ta daka mata tsawa ba. Durƙusawa ta yi, da Hausarta ta Zabarmawa ta ce, "Kawo in riƙe miki, ɗiyata, ina nan, kina fitowa in ba ki." Ta toshe mata kunne, ta bincike ni tsaf, sannan ta bar ni na riƙe ƙafar yarinyar kusan rabin awa, na'urar na ta ƙara kamar injin niƙa. Da ta motsa, da hoton ya lalace. Ba ta motsa ba. Baiwar Allah, Allah ya jiƙan mahaifanki, ya raya miki zuri'a.

Hoton ya nuna tabo ne a gefen hagu, wanda lokotoro ya danganta da sanƙarau da ta yi tana jaririya a annobar 2015. Babu ƙari. An ɗora ta a kan maganin carbamazépine safe da dare, ba a tsallakewa, ba a yankewa. Ya ce kusan bakwai cikin goma na masu wannan ciwo suna daina faɗuwa idan suka riƙe magani yadda ya kamata.

Baba Ƙarami, na san ba ka son a ambace ka, amma ragon da ka sayar shi ya biya hoton. Gwaggo ta unguwar Bukoki a Yamai da ta bar mana ɗakinta, matan adashinmu da suka ba ni kwasar da ba tawa ba, da malamin ajinsu da ya kwantar da ita a gefe ya hana a cusa mata cokali a baki, Allah ya saka muku da Aljanna Firdausi, ya raba ku da jinya, ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira.

Akwai na jikinmu da suka hana 'ya'yansu cin tuwo kwano ɗaya da ita, ko waya ba su kira ba. Abin ya yi mini ciwo. Na tambayi lokotoro, ya ce ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa. Ƙofata a buɗe take.

Akwai komawa Yamai a duba yadda maganin ya karɓe ta. Ku ci gaba da sa ta a addu'a. Allah ya ba dukkan marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti, amin.